Jifan Sagiru

Har na bar aiki ban manta da Alhamis ɗin da muka je wasan ƙwallo Rogo ba. Lokacin ni ne malamin wasanni a wata firamare kusa da Yammedi.

Akwai wani ɗan aji biyar, Sagiru. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu, yana ɗingishi, amma jan guga ya ƙarfafa masa hannuwa. Kullum sai ya roƙe ni in sa shi a wasa. Na ce, "Gudu zai ba ka wuya, amma zo in koya maka jifa."

Ga wanda bai sani ba, in ƙwallo ta fita ta gefe, da hannu ake dawo da ita: hannu biyu, daga bayan kai, ƙafa biyu a ƙasa. Nan muka sha fama, don diddigensa na hagu ba ya sauka. Amma doka ba ta ce tafin ƙafa duka ba, ko yatsu ne suka taɓa ƙasa ya wadatar. Zango guda ina zana masa layi da toka bayan an tashi, har jifansa ya riƙa kaiwa bakin raga.

Ranar wasan na sa shi bayan hutun rabin lokaci. Jifansa na farko, wani ɗanmu ya sa kai, ƙwallo ta shiga raga. Sai alƙalin wasa ya busa usur ya soke cin, wai Sagiru ya ɗaga ƙafa. A jifa na biyu ya sake busawa, alhali ko kallonsa ba ya yi.

Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, yatsunsa na ƙasa. Ga sawun nan."

Ya ce, "Malam, nan filin ƙwallo ne, ba asibiti ba. Wa ya ce ka kawo gurgu?"

A gaban yara ya faɗi haka, a gaban mahaifin yaron da ya biyo mu a kan babur! Na mayar masa da magana mai zafi, ya kore ni daga gefen fili. Hedimastanmu ya ja ni gefe yana cewa, "Malam Idi, cire yaron kawai a zauna lafiya." Na ce wallahi ba zan cire shi ba.

Da jifa na uku ya zo, Sagiru ya tuɓe takalmansa ya ajiye. Ya ce, "Malam alƙali, don Allah dubi ƙafata." Ya kafa yatsu a ƙasa ya jefa. Usur bai yi kuka ba.

An ci mu ɗaya da nema. Na rubuta takardar ƙorafi, har yau shiru.

A mota Sagiru ya ce, "Malam, na farkon nan, na ɗaga?"

Na ce, "Ba ka ɗaga ba."

Ku da kuka shigo aikin yanzu, koya wa yaro doka ba ya wuce zango guda. Aikin da ke gabanku shi ne tsaya masa ranar da babba ya take ta.