Ƙwallon da ke Faɗawa Gidan Inna Asabe

Duk wanda ya taɓa buga wa Zaratan Gyadi-Gyadi ƙwallo ya san muryar Inna Asabe, amma da ƙyar ka sami mutum biyar a cikinsu da za su gane ta in sun gamu a hanya. Ita ma haka. Shekara takwas tana goyon bayan kulob ɗin nan, ba ta taɓa ganin wasa ɗaya da idonta ba. Katangar gidanta ce a bayan ragar gabas, taku goma ba su cika ba tsakaninsu, don haka duk ƙwallon da ta haure turken raga, a tsakar gidanta take sauka.

Da fari ba ƙauna ba ce tsakaninta da ƙwallo, gaba ce. Ta fasa mata randa biyu, ta taɓa faɗa mata cikin tukunyar miyar kuka ana gab da kwashe tuwo. Ran nan Inna Asabe ta ɗauko wuƙar yanka kuɓewa ta farke ta, ta cilla musu fatar, ta bi su da maganar da ba zan maimaita ba. Mijinta, Malam Lawan, masinja ne a ma'aikatar ayyuka, kuma shi ne mai riƙe wa kulob ɗin raga da usur. Da ya shigo bai yi faɗa ba, dariya ya yi ta yi har da riƙe ciki, ya ce mata wata rana sai ta yi kewar ƙwallon nan. Ta ce Allah ya kiyaye.

To, bakin miji. Ɗansu Tanko, wanda ya tsare wa Zarata raga shekara huɗu, ya bi wata babbar mota zuwa Fatakwal, ya zama sai saƙon gaisuwa daga sallah sai sallah. Aka kai 'yarsu Husaina ɗakin mijinta a Jos. Sannan ciwon kwana uku ya ɗauke Malam Lawan. 'Yan gaisuwa suka cika gidan har sadakar bakwai, bayan arba'in ƙafa ta ɗauke ɗif, kamar yadda takan ɗauke wa kowa. Aka bar ta a cikin takaba ita da kaji huɗu da ɗinkin hularta.

Wata Asabar bayan la'asar tana zaune, tun safe ba wanda ya yi mata sallama, sai ji ta yi tim a gindin turmi. Ta daɗe tana kallon ƙwallon. Filin ya yi tsit, don kowa ya san gidan makoki ne, kuma kowa bai manta da wuƙa ba. Ta miƙe ta ɗauka da hannu biyu ta wulla ta bisa katanga. Sai wata murya ta ce, “Mun gode, Inna. Allah ya jiƙan Malam.” Jama'ar fili suka amsa da amin gaba ɗaya. Ta koma kan tabarmarta ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da shi.

Tun daga ranar, in Asabar ta zo takan gama aikinta da wuri, ta yi sallar la'asar, ta ja tabarma jikin katanga. Da kunne ta koyi wasan. In ƙasa ta girgiza da ihu, Zarata sun ci. In fili ya yi shiru, wasu 'yan tsirarun muryoyi na sowa can gefe, baƙi sun zura. Ta san tarin gola, ta san ɗan bayan da ba ya iya minti biyar bai zagi alƙalin wasa ba, ta san muryar kocinsu, Malam Markus, malamin firamare mutumin kudancin Kaduna, wanda shi ne mai cewa mun gode.

Sai kuma ta gano wani abu da ko kocin bai koya mata ba. Ƙwallon kirki ɗaya kulob ɗin yake da ita, kuma wasan unguwa ba ya wuce magariba: da ladan ya taɓa lasifika, alƙali zai busa, ko saura minti nawa. Saboda haka in Zarata na baya, kafin ƙwallon ta gama tsalle a tsakar gida ta koma fili. In kuwa su ke gaba, to fa sai a jira. “Ina zuwa, ta shige bayan itace.” “Ku yi haƙuri, alwala nake.” Baƙi su yi ta kumfar baki, su buga ƙofar zaure, amma wane namiji ne zai haura katangar matar mutane? 'Yan Babban Giji sun taɓa kai ƙararta wurin mai unguwa. Mai unguwa ya ce su nuna masa dokar da ta ce tsohuwa ta yi gudu a cikin gidanta.

Kada ka ɗauka wani abu ake ba ta. Ko goro. Kofi biyu suka ci a shekarun nan, aka yanka rago, ba wanda ya tuna ya aika mata da ko tsoka ɗaya, kuma wallahi abin yana ba ni haushi har gobe. Ita dai ba ta taɓa kawo zancen ba. Kwana shida gidan shiru, ranar bakwai mutum ɗari uku suna jiran hannunta, ana kiran sunanta. Wannan ya ishe ta.

Ana nan soja suka koma bariki, siyasa ta dawo. Motoci masu lasifika suka cika ƙaramar hukumarmu ta Tarauni, aka manne bango da hotuna har jikin katangarta ta waje. Wani Bello mai sayar da siminti ya ci kansila, kuma da yake samari ne suka yi masa wahala, ya sa kofi tsakanin unguwanni, ya ɗinka wa Zarata riguna, ya sayo ƙwallo fara fat da aka rubuta sunansa a jiki. Zarata suka yi ta cin wasa har ya rage guda ɗaya, da 'yan Darmanawa, a gida.

Ranar Laraba Malam Markus ya yi sallama a zaure. Wannan ne karo na biyu da ya taɓa zuwa. Ta tsaya daga bayan labule suka gaisa.

“Inna, albishir na kawo. In muka ci wasan Asabar, Kansila zai yi mana rajista a gasar jiha. Mun bar wasan unguwa ke nan.”

“Kai, madalla. Allah ya tabbatar. Ashe za mu ga manyan baƙi a filin nan.”

Ya ce, “Ai ba a nan za a riƙa yi ba, Inna. Gasar jiha sai fili mai katanga da ƙofa, can cikin gari. Nan kuma Kansila ya ce shaguna za a gina, matasa su sami sana'a.”

“In kuma ba ku ci ba fa?”

“Ko kunnen doki aka yi, 'yan Darmanawa ne za su tafi. Mu sai mu zauna a nan, ba mai taɓa filin tunda muna kai.” Ya yi 'yar dariya. “Shi ya sa na zo. Yaran sun ce a gaya wa Inna, ranar Asabar muna buƙatar alwalar nan mai tsawo.”

Ta ce Allah ya kai mu. Ya tafi yana murna, bai san abin da ya ajiye mata a zaure ba.

Kwana uku ɗinki ya ƙi tafiya. Ta soke yatsa ya fi a ƙirga. Ba ta ɓoye wa kanta gaskiya ba: tsoro take ji. In suka tafi, wa zai sake cewa Inna a bayan katangar nan? Husaina ta sha cewa ta sayar da gidan ta komo Jos, ita kuwa takan ce ba ta iya sanyi, alhali Asabar ce ke riƙe da ita. Ta kama kanta bayan sallar asuba tana shirin roƙon Allah ya sa a yi kunnen doki, ta yi maza ta yi istigfari.

Asabar ta zo. Tun azahar fili ya cika, masu rake da masu ruwan sanyi suna ta talla, an kafa wa Kansila rumfa da kujeru. Ta ji shi da kansa a lasifika yana cewa ba za a buga wasan kofinsa da wata ƙwallo ba sai tasa. Aka busa. Kafin hutu ƙasa ta girgiza sau ɗaya: Zarata sun ci. Inna Asabe ta ji hannunta ya tafa da kansa, sannan gabanta ya faɗi.

Bayan hutu aka juya, Zarata suka dawo tsaron ragar da ke jikin katangarta. 'Yan Darmanawa suka taso kamar an aiko su. Tana jin takunsu a ƙasa, tana jin gola yana kiran 'yan baya da muryar da ta dishe. Sau biyu ƙwallo ta daki turke. Ɗan bayan nan mai zagi ya daina zagi, numfashi kawai yake, ita kuwa ta san in ya yi shiru ƙafarsa ta ƙare. Inuwar katanga ta kai bakin rijiya, wato saura kamar minti goma a kira salla.

Sai aka yi wani bugu mai ƙarfi, jama'a suka ja numfashi, gola ya taɓa ta da yatsu ta haura. Tim, a gaban tabarmarta. Baƙi suka hau ihun kwana, kwana.

Ta ɗauka. Ƙwallon na da ɗumi, duk ta yi ja da ƙasa, sunan Kansila ya kusa gogewa. Ba abin da ake nema a wurinta sai ta wulla yanzu, kamar yadda kowane mai gaskiya zai yi. Ba wanda zai zarge ta. Yaran nan sun gaji, bugun kwana ɗaya ko biyu za a farke cin, fili ya zauna, Asabar ta zauna. Ta matsa jikin katanga, ta ɗaga hannu biyu sama.

A nan ta ji golan, dab da ita, bango kawai ya raba su. Ya jingina yana haki, yana magana ƙasa-ƙasa, ba don jama'a su ji ba. “Inna, don Allah. Inna, don Allah.” Shekararsa shida yana tsaron ragar nan da safar hannu mai faci, gyaran babur yake yi, kuma bai fi Tanko shekaru ba lokacin da ya bar gida don ba abin da filin unguwa zai ba shi.

Ta sauke hannu. Ta koma ta zauna a tabarma, ta ɗora ƙwallon a cinya, ta rufe ta da gefen zane.

“Inna, a taimaka,” in ji alƙalin wasa.

“Ina zuwa. Ta faɗa bayan rijiya, sai na lalubo.”

Aka fara dukan ƙofar zaure. 'Yan Darmanawa suka kawo tasu ƙwallon, Kansila ya miƙe ya ce shi fa ya riga ya yi magana, aka kaure da musu. Wani ya zage ta, zagi na sosai, har da iyayenta. Tana zaune tana kallon inuwa na hawa bangon ɗaki, hawaye na zuba a kan zanen, tana jin kowane minti yana fita daga hannunta, kuma ita ke sakin sa. Can lasifikar masallaci ta yi ƙara, ladan ya yi gyaran murya. Alƙali ya busa sau uku.

Ihun da aka yi ran nan har Unguwa Uku an ji shi. Aka ɗaga gola sama, aka ɗaga Malam Markus, ganguna suka tashi, taron ya bi motar Kansila zuwa gidansa inda aka ce an dafa shinkafa. Tana ji sowar tana nisa, tana nisa, har ta koma kamar kasuwa daga wata unguwa.

Sai da ta goge fuska sannan ta miƙe. “Ga ƙwallonku,” ta ce, ta wulla.

Ta ji ta faɗi, ta yi tsalle uku, ta gangara. Ta tsaya da kunnenta a jikin katanga. Ba wanda ya ce mun gode.

Bayan ta idar da magariba ta yafa mayafi, ta zare sakata, ta zagaya. Filin ba kowa sai ɓawon rake da wata akuya. Ta tsinci ƙwallon a gindin raga, don kada wani ya ɗauke musu, ta kawo gida ta ajiye a ƙarƙashin gado kafin su aiko. Kansila ya saya musu sababbi guda shida, ba wanda ya aiko.

Wata biyu bayan nan aka sauke yashi da bulo. Zarata sun yi shekara uku a gasar jiha, golan har ya samu wani kulob a Kaduna ya ɗauke shi, ta ji a bakin mai kawo mata zare ta ce alhamdu lillahi, kuma har zuciyarta ta faɗa. Ba ta koma Jos ba. Duk Asabar bayan la'asar tana jan tabarma jikin katanga da ɗinkinta, ta zauna har a kira magariba. Shagon mai faci ne yanzu a inda ragar take.