Tsanin Mai Haƙa Rijiya da Ɗorawar Inna Kulu

A gidanmu na Falgore, da an gama tuwo bayan magariba sai mu kewaye murhun kakata, Inna Kulu. Wutar kara ce, ba ta daɗewa, shi ya sa tatsuniyoyinta gajeru ne. Ni ke zama dab da tukunya, ba don son ilimi ba, don ƙanzo. Bokona ma a aji biyu ya tsaya, ranar da malam ya gano inda gyaɗarsa ke tafiya.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata wuri," in ji Inna.

Wai wani mai haƙa rijiya ne ya sauka da tsani, ya yi ta aiki har sanyi ya kama shi. Ƙyuya ta hana shi hawa, sai ya ɓalle matakin ƙasa ya hura wuta. Ya ce ai ɗaya ne, ya iya ɗaga ƙafa. Kashegari ya ɓalle na biyu, ya ce ya iya tsalle. Haka dai, har ya ƙona wanda sai da ya yi ɗage ya kamo shi.

"Inna, ya fito?"

"Yana can."

Na ce, "Ni da ni ne, daga sama zan fara ɓalla."

Ta ƙwala mini muciya. "Kai wannan miji nawa, da kai da shi uwarku ɗaya!"

Ita kaɗai ce tatsuniyar da ba ta taɓa rufewa ba.

Na girma na zama mai gawayi. Kaɗanya, marke, tsamiya, duk sun bi ta hannuna, har ya rage a gonata sai ɗorawar da Inna ke yin daddawa da kalwarta. Bana gero bai yi ba, gida kuma baki goma sha ɗaya. Dagaci ya hana saran ɗanyen ice, amma mu masu sana'ar mun san hanya: ka sassaƙe ɓawon ka kewaye gindin, ka jira ta bushe, ka ce ikon Allah. Na yi wa ɗorawar rabin kewayen, hannuna ya yi nauyi, na jingina karan dawa na rufe wurin.

Ana haka sai ga jikata Rukayya, wadda ke jami'a a Kano. Suna da ƙungiyar ɗalibai masu dashen itatuwa, wai zafi da ƙarancin ruwan nan har da hannun mutane. Ta kwaso abokanta da tsirrai a cikin leda, ta zaunar da su a inuwar ɗorawar.

"Ga angona, tsoho mai ran ƙarfe," ta ce musu. "Duk yankin nan shi kaɗai ya bar babbar bishiya."

Suka tafa mini. Har hoto aka yi, ni na kafa bayana a jikin karan nan kamar an ɗaure ni. Da za su tashi yin dashe, Rukayya ta zari kara ɗaya don ta tokare tsiro, sai sauran suka zube. Ta dubi saran, ta dube ni. Da hannunta ta mayar da karan kafin kowa ya waiwayo.

"Baba Tsoho, nawa ya rage?"

"Rabi, amarya."

"In ka bar ta za ta rayu?"

"Za ta rayu. Tukunyar gida fa?"

Ba ta yi mini ƙarya ba. Ta dai ajiye tsiron ɗorawa a gabana, tsawonsa bai wuce taƙi ba, ta ce in riƙa ba shi ruwa.

Yau wata biyu ke nan. Kullum da safe nakan fita da gatari a kafaɗa da buta a hannu, in shayar da ƙaramar, in tsaya ina kallon babbar, in dawo. Rumbu kuwa sai sauka yake. Da ina yaro na ɗauka Inna mantawa take da ƙarshen labarin. Ashe mutumin ne bai fito ba. Yana can, ya ɗora hannu a kan matakin ƙarshe, jikarsa ta leƙo ta bakin rijiyar tana kallonsa.