Mai Gadin da Ba Ya Tari

Gidanmu na unguwar Nima a Akra ɗakuna goma sha huɗu ne kewaye da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, sai babbar gota, wato kwatar ruwan datti, a bayan katanga wadda ban taɓa ganin ta bushe ba tun da na yi wayo. A nan na girma, a nan nake har yau, a ɗakin da kakata ta rasu. Duk wanda ya zauna a unguwar nan ya san da an kira magariba gidan ya tashi daga namu ya koma na sauro. Daga gotar suke tasowa, su bi ta saman kwano su sauko, su fara da ƙafafun yara.

Kaka Hassu daga Nijar ta zo tana amarya, ta biyo mijinta mai fataucin albasa, ba ta ƙara komawa ba. Mace ce 'yar firit mai kaifin baki. Ta sha yi mana dariya wai Hausarmu ta 'yan Akra an wanke ta da ruwan teku har gishirinta ya fita. Da rana takan aike mu, mu yaran gidan, wajen mai sayar da lemu a ƙofar gida mu kwaso ɓawo, ta shanya a kan kwano. Da yamma, in an sauke tukunya, sai ta ja kurfoti, murhun gawayinta, tsakiyar gida, ta zuba ɓawon a kan ragowar garwashi, ta ɗora ɗanyen ganyen darbejiya. Hayaƙin da ke tashi ba na wasa ba ne. Ido ya yi ja, hanci ya yi ta zuba, mu yi ta tari muna ture juna a kan tabarma, ita ko a jikinta.

Dokarta ɗaya ce, kuma ba a roƙonta a kai: tsawon hayaƙi, tsawon tatsuniya. Da hayaƙin ya sirance, ko a tsakiyar magana take, sai ta kama bakinta ta kora mu cikin gidan sauro, wanda ta yi wa faci har ba a gane asalin launinsa. Na tsani dokar nan ƙwarai. Na sha ɓoye ɓawo a cikin zanena in jefa a wuta a sace, ta kuwa sha kama ni ta murɗe mini kunne.

Takan fara da cewa, "Ga wata nan ta taso daga bayan katanga." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma." Tatsuniyoyinta da yawa na ban dariya ne, amma akwai guda ɗaya da ba ta yin ta sai damina ta kankama, gota ta cika ta kawo. In za ta yi ta, takan rage murya har sai mun matso jikinta.

Wai akwai wani gari a bakin fadama, a cikin fadamar kuma akwai wata aba da ake kira Siririya. Ba ta da ƙaho, ba ta da farce, ba ta fasa ƙofa. Bakinta ya fi allura siranta, ta kafar makulli take shiga. Ba ta kashe yaro nan take. Takan sha kaɗan, ta bar masa sanyi a jiki ta tafi, sai bayan kwanaki a ga yaro yana rawar ɗari da rana tsaka. Abu ɗaya take tsoro, shi ne motsin wanda yake farke. Garin kuwa suna da wani tsohon mai gadi mai ciwon ƙirji, wanda ke kewaya gari yana tari tun daga faɗuwar rana. Muddin ana jin tarin nan, Siririya ba ta ƙetare bakin fadama.

"To amma mutum," in ji Kaka, "in ya daɗe bai binne yaro ba, sai kunnensa ya fara gane ƙananan damuwa."

Sai aka fara ƙorafi. Tarin tsohon nan ya hana barci, ga ƙazanta, ga kunya in an yi baƙi. Wata rana aka samu wani ƙato baƙo, dogo, mai kyan tsayuwa, ba ya magana, ba ya tari, ba ya ko gyaran murya. Aka sallami tsoho, aka ba ƙato mashi. Ya tsaya a ƙofar gari ya jingina da mashin, idanunsa a buɗe tar. Gari ya yi tsit, kowa ya yi barci mai daɗi. In an wuce da safe a gaishe shi, ba ya amsawa, amma ai dama ba ya amsawa.

Sai yaron farko ya kwanta. Aka ce rana ce ta buge shi. Na biyu ya kwanta, aka ce ɗanyen mangwaro ne. Wata tsohuwa ta ce wannan sanyin Siririya ne, aka yi mata ca: ta ina za ta shigo, ga mai gadi can a tsaye, ido buɗe? Haka aka yi ta kai yara makwanci. Ran nan wani bunsuru ya zo wucewa ya goga jikinsa da mashin, sai ƙato ya zube ƙasa, a bushe ƙayau. Ya daɗe da mutuwa a tsaye. Babu wanda ya san ranar da ya mutu.

A nan Kaka take tsayawa kullum. Mu yi ta ihu, "Kaka, sai me? An dawo da tsohon? Siririya fa?" Sai ta leƙa kurfoti ta ce, "Hayaƙi ya mutu, bakina ya rufe. Ku tashi." Ina jin da gangan take auna ɓawon ya ƙare daidai wurin. Nakan shiga gidan sauro, in kasa kunne ko zan ji wani yana tari a gidan, ko da Baba mai gyaran takalmi ne na ɗakin ƙarshe. In na ji, sai hankalina ya kwanta.

Kaka ta rasu ina budurwa. Na girma na zama tela, na kafa kekena a barandar ɗakin nan. Al'adar hayaƙi ba ta mutu ba, Memuna ce ta gaje ta, maƙwabciyata mai sayar da koko da ƙosai, wadda ta zo daga Tamale ta arewacin Gana. Kowace yamma takan ja nata kurfotin, ta zuba abin da ta samu, wani lokaci ta haɗa da maganin sauro na kunnawa. Ni kuwa hayaƙin nan ya zame mini ciwon kai. Yana shiga leshin mutane da atamfofin biki, a zo karɓar ɗinki a shinshina a yatsina fuska. Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a gidan ya sani. Mun sha yi da Memuna a kan haka, mu shirya da safe a kan kofin koko.

Shekara uku da suka wuce, ƙanena Razak da ke Jamus ya aiko mini da wata na'ura a cikin kaya. Girmanta kamar ƙaramin kofin shayi na roba, ana yi mata caji kamar waya. Ya ce in an kunna ta a tsakar gida tana fitar da wani tururi da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, sauro kuma ba ya kusantar wurin. Takardar da ta zo da ita da yaren can aka rubuta, na ba Memuna ta naɗe ƙosai. Yammar farko da na kunna ta, 'yar fitilarta ta kawo kore, muka zauna muna jira. Wallahi ta yi aiki. Babu mai marin ƙafa, babu mai tari.

"Ei, Sista Asiya," in ji Memuna, tana zagaya ta tana leƙe. "Wannan abu yana aiki paa! Ba hayaƙi koraa, ko kaɗan?"

"Babu, Maman Rukaya. Daga yau a kashe mana kurfotin nan. Mun bar zamanin ƙauye."

Ta dubi kurfotinta. Ta ce ita dai ta saba, in hayaƙi ya ƙare ne take sanin lokacin shigar da Rukaya ɗaki ya yi. Rukaya 'yarta ce ta ƙarshe, shekararta huɗu a lokacin, mai surutu kamar rediyo. Na yi dariya na ce yanzu ai ba sai an shigar da kowa ba, mai gadi na nan har gari ya waye. Da bakina na faɗi haka, kuma ko ɗar ban ji ba.

Mu mutanen da ɗauke wuta ya rena, abu ɗaya muka sani game da kowace na'ura, shi ne caji. Waya, tocila, fanka, duk in fitila ta nuna kore, to lafiya lau. Ban taɓa wasa da cajin abin nan ba. Da an kawo wuta ita nake fara jonawa, kafin wayata. In an ɗauke kwana biyu, nakan kai ta shagon mai janareto a bakin titi. Ina alfahari da ita. Yaran gida suka koma zama a waje har bayan isha'i, in ɗaki ya yi zafi ma a bar ƙananan su yi barcinsu a kan tabarma kusa da ita.

Damina ta shigo, gota ta kawo. Na fara jin cizo jefi-jefi a idon sawu, na ce iska ce ke kwashe tururin. Baba mai gyaran takalmi ya ce shi fa yana jin kukan sauro, na ce kunnensa ne ya tsufa, ya dubi fitila. Ɗan gidan maƙwabcinmu Alhasan ya kwanta da zazzaɓi, aka ce ruwan sama ne ya doke shi, ya sha magani ya tashi. Ina ji ina gani, labarin da na haddace tun ina 'yar shekara bakwai yana tafiya a tsakar gidanmu, ban gane shi ba.

Wata Talata da azahar ina kan keke, na ga Rukaya a zaune a rana ta ƙudundune, haƙoranta suna haɗuwa. Rana kuwa ta take sosai. Na tsayar da keken, na ƙwala wa Memuna kira. Kafin la'asar ta fara sanƙarewa, idanunta suka juye. Memuna ta fito da ita a kafaɗa ba ko ɗankwali, tana ihu, "Sista, yarinya na ba ya ji na! Rukaya ba ya amsa!" Muka tare tasi a bakin titi. A asibiti suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya hau kai. Likitar ta tambaya ko yarinyar tana kwana a gidan sauro. Memuna ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ce wani lokaci.

Da na dawo gida ɗaukar musu kaya, na tarar da na'urar a kan taga tana caji, fitilarta kore shar. Ban san abin da ya sa ba, na ɗauke ta na murɗa kanta, abin da ban taɓa yi ba. Ashe buɗewa take. A ciki akwai wata 'yar kwalba da lagwani, ita ce mai ruwan maganin. Ta bushe ƙaf, har ƙura ta kwanta a gindinta. Na kira Razak a waya. Ya ce, "Yaya, ai canza kwalbar ake yi. Ban faɗa miki ba?" Ko ya faɗa, ko bai faɗa ba, ni dai ban ji ba. Na zauna a bakin gado ina ƙoƙarin tuna ranar da ta ƙare. Sati biyu? Wata guda? Na kasa.

Kwana uku Rukaya ba ta san wanda ke kanta ba. A rana ta biyu na faɗa wa Memuna gaskiya a barandar asibiti, na nuna mata kwalbar. Na so ta zage ni, ko ta mare ni, da na fi samun sauƙi. Ta juya kwalbar a hannunta ta miƙo mini, ta ce, "Allah ne ya kawo, Sista." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har yau.

Rukaya ta rayu, alhamdu lillahi. Amma ta dawo tana jan ƙafar hagu, maganarta kuma ta yi nauyi, sai ta tsaya ta nemo kalma. Razak ya aiko da kwalabe cike da leda. Ina amfani da na'urar, don laifin ba nata ba ne, sai dai kullum sai na buɗe na ɗaga kwalbar a haske, kuma da an yi isha'i ni ce mai korar yara cikin gidan sauro da masifa. Ina yarinya na ɗauka Siririya ce abar tsoro a labarin Kaka. Yanzu na gane garin ya san da Siririya tun fil azal, kuma yana rayuwa da ita. Abin da ya ci su shi ne sun sami abin da za su kalla su daina dubawa.

A daminar bana yara suka matsa mini sai na yi musu tatsuniyar Kaka. Na yi ta kaucewa, ran nan dai na yi. Memuna tana gefe tana fifita wutar abincin dare. Da na kai inda ƙato ya faɗi na tsaya, sai Rukaya ta jawo ƙafarta ta matso, ta dafa gwiwata.

"Anti, wa... wa ya ce a kori tsohon?"

Kaka ba ta taɓa faɗa ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Na ce, "Wata mata ce, mai son tsafta, mai saurin baki."

Ta yi tunani, ta nemo kalmarta a hankali. "An yafe mata?"

Na dubi Memuna. Na san ta ji, don mafificin ya ɗan tsaya a hannunta. Sannan ta ci gaba da fifita wutarta, ba ta ɗago kai ba.