Bai Nuna Ba: Kalmar Da Ta Raba Ɗana Da Ƙwallo

A shekarun da zan ba ku labari, ni matar gida ce da ba ta san hanyar ko'ina ba sai ta kasuwa da gidan suna. Daga Damagaram aure ya kawo ni Arlit. Maigidana direban babbar mota ne a wajen haƙar ma'adinai, ni kuma ina ƙulla ƙanƙara da zoɓo a leda ina sayarwa a ƙofar gida. Boko aji uku na tsaya, amma Allah ya ba ni kunne. Mutum ya yi sallama daga bayan katanga, kafin ya shigo zan faɗa muku ɗan Tawa ne ko ɗan Maraɗi. Matan unguwa kan cika tsakar gidana, ina kwaikwayon maganar mutane suna riƙe ciki don dariya. Da kunnen nan nake taƙama, shi ne kuma ya kai ni ya baro.

Ɗana na biyu tun yana rarrafe yake bin duk abin da ke gangarawa. Yana da shekara goma sha uku aka ɗauke shi wata makarantar ƙwallo a garin, ya yi shekara uku a ciki, sai aka ce ya riƙa atisaye da manyan ƙungiyar. Ranar har waina na raba. To amma wasa ya zo, wasa ya wuce, yaro na zaune a benci. Ya fita da riga wankakkiya ya dawo da ita ko gumi babu. Maƙwabciyata ta fara tambayata ko maigadin benci ya dawo daga aiki, wata ta ce in ɗinka masa matashi kada katako ya ci masa wando. Ina dariya tare da su don dole. Shi yaron bai taɓa kuka da zaman ba, cewa yake Inna a yi haƙuri, lokaci ne. Ni ce haƙurin ya gagara.

Wata la'asar na yafa mayafi na tafi filin, ko maigidana ban gaya wa ba. Mai horar da su dattijo ne mutumin Abzin, yaren Buzaye, Tamajak, ya tashi da shi, Hausa a kasuwa ya tsince ta. Ya tarbe ni da mutunci, yana ce mini Hajiya kai ne uwar yaron. Tun daga wannan "kai" ɗin na raina shi a zuciyata, har ina adana muryarsa don in kwaikwaya wa mata. Na tambaye shi dalilin da ba a sa ɗana wasa. Ya ce yaron bai nuna ba. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce shekara uku yana cin ƙura a filin nan, a ce bai nuna komai ba, to a benci zai nuna? Ya dube ni kamar bai gane faɗan ba, ya sake cewa bai nuna ba dai, a bar shi tukuna. Ban tsaya jin sauran ba, na kaɗa mayafina.

A gida na zaunar da yaron na ce malaminsa ya faɗa da bakinsa cewa bai ga komai a ƙafarsa ba. Fuskarsa ta canza, ya ce Inna anya, bari ya je ya ji da kansa. Na ce in ya sake taka filin nan ban yafe ba. Kun san nauyin wannan magana a bakin uwa. Ubansa ya dawo daga hanya ya ce in sassauta, na ce shi ba ya gida lokacin da ake mana dariya. Mai horarwar ya aiko sau biyu, na ce a ce ba ma nan.

Akwai wata ƙungiyar unguwa ta manyan ƙarti, makanikai da masu dako, da ke buga gasar hutu. Da gudu suka karɓe shi, suka sa shi wasa daga farko har ƙarshe. Ya ci ƙwallo a wasa na biyu, na aika wa maƙwabciyata zoɓo kyauta na ce ta sha, maigadi ya samu ƙarin girma. A wasa na huɗu wani ƙato da ya ninka shi nauyi ya faɗo masa a gwiwa, a filin da tsakuwa ta fi ƙasa yawa. A amalanke aka kai shi asibiti.

Bayan an sallamo mu dattijon nan ya zo dubiya da dabino a leda. Ya daɗe yana kallon ƙafar, sannan ya ce abin da ya guda ke nan. Ya ce ai ya gaya mini yaron bai nuna ba, ɗanye ne, kamar mangwaron da ake bari a bishiya, ƙashinsa bai yi ƙwarin karo da manya ba. Niyyarsa ya riƙa sa shi minti goma, sha biyar, har jiki ya saba, don tun da yake horarwa bai riƙe mai ƙafar hagu irin tasa ba. Nan na gane. Nuna biyu ce a Hausa, akwai ta ɗan itace, akwai ta nuna abu a gani. A bakinmu ta ɗan itace a datse take, ɗayar kuma a ja ta, shi kuwa duk ja yake yi. Ni mai kunne na ji muryar, ban ji maganar ba. Yaron na kwance yana saurare. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya, ya mai da fuska bango. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Gwiwar ta warke a karkace. Yanzu yana Cibarakaten yana tsaron shagon kawunsa a wajen masu haƙar zinariya. Biyu daga cikin waɗanda suka yi zaman bencin tare da shi suna buga wa manyan ƙungiyar yau. Yana kira duk Juma'a, ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi ƙannensa. Sau ɗaya na nemi gafararsa, ya ce Inna ƙaddara ce, ya sako maganar tsadar ruwa.

Na yarda da ƙaddara, amma na san hannun da ya tura shi. Iyaye mata ƴan'uwana, in ɗanku na zaune a benci, zaman ma karatu ne, kada dariyar maƙwabta ta sa ku tashe shi. In kuma wanda Hausa ba ta gado ba ce a gare shi ya faɗa muku magana mai zafi, ku tsaya ku ce malam me kake nufi. Ni tambayar nan ce na ga na fi ƙarfinta, ɗana kuma yake ɗingishi saboda ita yana da shekara ashirin.