Abin da Na Yanke Daga Muryar Baba

Muryar mahaifina da ta rage mini a duniya ba ta kai minti huɗu ba. Ni na mayar da ita haka da hannuna, kuma a lokacin gani nake aiki mai tsabta na yi.

Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai aka ce kowa ya haɗa darasin kwamfuta na 'yan firamare, mai hoto da murya da tambayoyin da yaro zai danna amsarsu. An koya mana wata manhaja ta wannan aiki. Za ka jera shafuka, ka ɗora hoto, ka liƙa masa murya, ka sa maɓalli. Yawancin 'yan ajinmu hotunan tuffa da jirgin ƙasa suka kwaso daga intanet, cikin mako guda sun gama. Ni na zaɓi yadda ake ajiye hatsi a rumbu, don na san wanda ya iya.

Baba manomi ne a 'Yandoto, ni kuma ɗansa na fari. Saboda kunyar ɗan fari bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama hira da ni ba. In yana son wani abu a wurina, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya ma wancan ya ɗaure awaki," alhali ni kaɗai ne a wurin. Ni ma ba mai magana ba ne, sai muka yi shekaru a haka.

Wata Asabar na hau mota zuwa Tsafe, na ƙarasa gida a babur. Na kife turmi a gindin rumbu, na ɗora wayata a kai, na faɗi abin da ya kawo ni ina kallon ƙasa. Baba ya daɗe yana duban wayar.

"Wanga abu na jina?"

"Yana ji, Baba."

"To, da shi zan yi magana. Kai matsa can."

Sai ya gyara zama ya gai da wayar. Ya yi mata ina kwana, ina gajiya, ya tambaye ta mutanen birni. Daga nan bakinsa ya buɗe kamar ba shi ba. Ya faɗi yadda ake gane gero ya bushe, da dalilin ɗora rumbu a kan duwatsu, da inda ake barbaɗa toka saboda gara. Amma ba ya tsayawa a kan hanya. Daga toka sai ya faɗa labarin shekarar da ya sayar da sansa na noma ya sayi hatsi. Daga jinkar rufin rumbu sai ya koma kan mahaifinsa. Asabar uku muka yi haka.

A ta ƙarshe ya ce wa wayar, "Ranar da anka haifi wancan, wanga rumbu nike yaɓe. Anka zo anka gaya min. Kunya ta hana ni sauka, ina bisa tsani har azahar, aiki ya ƙare tun hantsi, ni ko ina ta shafa laka inda babu tsaga."

Ya ci gaba, ya yi maganata mai tsawo. Ban riƙe ta ba. Hankalina yana kan wani zakara da ke cara a bayan danga, ina tunanin yadda zan cire shi daga naɗin.

Malamin da ke duba aikina ya saurari minti ɗaya ya cire abin kunne. "Wannan ai hirar dandali ce," in ji shi. "Yaro ba ya haƙurin wannan. Kowace murya kada ta wuce daƙiƙa ashirin."

Na bi umarninsa sosai, don na iya bin umarni. A manhajar, murya tana fitowa a zane kamar kunyoyin gona, shiru kuma miƙaƙƙen layi. Na yanke gaisuwa. Na yanke tari da numfashi. Na yanke labarin sayar da sa, na yanke kakana, na yanke tsani. Na ba kowane guntu lamba, na jera su. Da wayata ta ce wuri ya cika, ga hotunan rumbu ban gama ɗauka ba, sai na dubi dogayen naɗin nan uku na ce ai na cire abin amfani. Na danna a goge su, wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata.

Ranar kare aiki malamai uku ne a teburi. Majigin ɗakin ya lalace. Na buɗe kwamfutar da na aro zan juya musu ita, babbansu ya ɗaga hannu.

"Bar shi, mun yarda yana aiki. Ina kundin?"

Suka juya shafukan rahoton da na buga, ɗaya ya auna gefen takarda da ɗan yatsa, ya yaba yadda na jera sunayen littattafai. Na samu maki mai kyau. Wanda ya kawo tuffa da jirgin ƙasa ma irinsa ya samu. Makarantar da aka tura ni gwajin koyarwa a Bungudu ko soket ɗin wutar lantarki babu a ajin. Har yau babu yaron da ya danna maɓalli ɗaya a darasin nan.

Baba ya rasu bayan kaka, ciwon kwana biyar. Da aka share makoki na kai wayar wurin masu gyara a kasuwar Gusau. Mai shagon ya jona ta, ya daɗe yana dubawa.

"Malam, ka ɗora wasu abubuwa bayan ka goge?"

"Hotuna."

"To sun hau kai. Da da wuri ka zo. Mene ne a ciki, waƙoƙi? In waƙa ce ina da su, in tura maka."

Na karɓi wayata na fito.

Darasin yana nan. In na buɗe, Baba yana magana a gaggauce, babu sallama, babu numfashi, kamar mai karanta sanarwa. Wanda bai san shi ba zai ɗauka haka yake magana. A ƙarshe akwai tambayoyi biyar. In ka danna daidai, zai ce, "Madalla." In ka kuskure, zai ce, "A'a, sake dubawa," sai wata 'yar dariya ta biyo baya. Ni yake yi wa dariyar, don sau uku na sa shi ya maimaita. Na yi ƙoƙarin yanke ta a lokacin, amma ta manne da kalmar ƙarshe, in na cire ta kalmar za ta gutsure. Na bar ta ina jin haushi.

Na san amsoshin duka biyar, ni na rubuta su. Wadda ba daidai ba nake dannawa.