'Yar Farin da Ban Ƙirga Ba

Bakwai na haifa, amma duk wanda ya taɓa tambayata, shida nake ce masa. Ta farin ce ba na ƙirgawa. Yanzu kuwa duk waɗanda suka san ta sun riga ni tafiya. Ni kaɗai na rage a Zongon Kumasi da na san an taɓa yin yarinyar nan a duniya, kuma ni ma ƙafata ta fara nauyi.

An kawo ni Zongo ina amarya. Maigidana dillalin shanu ne, ya fita da asuba sai la'asar ya dawo yana warin turke. Gidanmu babban gidan haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, Hausawa da Mosi da Zabarmawa, kowace mace da murhunta a ƙofar ɗaki. Shekara ta zagayo na haifi mace. To, a yadda muka taso, ɗan fari abin kunya ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in aka ce ga ɗanki sai ki kau da kai. Uwar mijina, wadda muke kira Inna, ita ke goya ta, ita ke yi mata wanka. Ni nono kawai nake bayarwa, shi ma a ƙuryar ɗaki. In maganarta ta kama, sai in ce yarinyar Inna. Sai ɗaki ya zama daga ni sai ita nake sa hancina a wuyanta in yi ta shaƙa.

A shekarun nan ne aka fara kawo awon jarirai unguwarmu. Nas-nas su zo su rataya sikeli a reshen mangwaron da ke bayan masallaci, a zura jariri cikin wani ɗan wando mai igiya, a saƙale shi yana wutsil-wutsil yana tsala ihu, mata suna dariya. Inna ke kai ta. Ni sai in fake da ɗebo ruwa, in tsaya daga nesa da bokiti a ka, ina kallon allurar sikelin nan tana rawa, alhali ban san abin da take faɗi ba.

Ana nan, ana nan, yarinya ta fara bin bango, har ta saki ta taka. Sai ƙyanda ta shigo Zongo. A lokacin, rigakafin ƙyanda bai iso gare mu ba. Ta shiga gidan mai koko, ta fito ta shiga gidan malamin makarantar allo, ta zo namu. Da wuya gari ya waye ba a fita da ƙaramar tabarma a naɗe daga wani gida ba. Tawa ta tafi da hantsi. Maza suka ɗauke ta, mu mata ba ma bin gawa, har yau ban san inda aka sa ta ba. Masu zuwa gaisuwa Inna suka yi wa ta'aziyya. Ni kuwa na zauna a gefe ina tankaɗe garin tuwon baƙi.

Kwanci tashi, Allah ya ba ni wasu. Sai aka fara turo ma'aikatan lafiya gida gida da tambayoyi: ina kuke samun ruwan sha, wa ya karɓi haihuwarki, yaran sun yi allura, kuna kwana a gidan sauro. Su zo, su ɓace shekaru, su sake zuwa da tambayoyin nan dai. Na tuna wata nas Ba'asantiya mai fara'a, da Hausarta ta kasuwar Kejetia, ta zauna a kan turmina, ta kira ni uwa da yarensu, ta ce, "Maame, yaro nawa ka haifa? Nawa ya mutu?" Na ƙirga mata daga na biyu, na ce duk suna raye. Ta yi murna, ta ce na yi sa'a. A zuciyata ban ɗauka ƙarya nake yi ba. Haka maƙwabciyata ta amsa, haka matar ɗakin ƙarshe. Wa zai zauna a tsakar gida, gaban uwar mijinsa, ya fara ƙirga daga ɗan fari?

Inna ta rasu. Maigidana ya bi ta. Maƙwabciyata, wadda ta riƙe ni ranar da aka fita da yarinyar, ita ma bara aka kai ta.

Yanzu jikata, wadda autana ya haifa, ita ce nas ɗin unguwa. An sare mangwaron an yi shaguna, awo ya koma ƙarƙashin rumfar kwano. Ran nan ta dawo daga zagayen gidaje da yamma, ta zube a tabarmata tana cire takalmi. Na tsokane ta, na ce shekara da shekaru kuna tambayar mutane abu ɗaya, ba kwa gajiya, ko mantuwa gare ku? Ta yi dariya ta ce ai da gangan ne, tsohuwa. Ta ce ana ajiye amsar kowane zamani ne a jera ta da ta zamanin da ya biyo baya, don a ga ko unguwa tana samun lafiya ko tana komawa baya. Ta nuna mini wani zane a wayarta, layi ne da ya gangaro kamar hanyar da ta sauko daga unguwar Manhyia zuwa kasuwar Kejetia. Can sama, in ji ta, zamaninmu ne, lokacin da yara ke mutuwa da yawa kafin su isa shiga makaranta. Nan ƙasa kuma yau. Amma ta ce wani abu ya soma hawa, hawan jini da ciwon suga, don haka in rage gishiri.

Na yi godiya ga Allah, don na ga wannan gangare da idona. An daɗe rabon da in ga ƙaramar tabarma ta fita daga gidan nan. Amma idona ya tsaya can saman layin, inda ta ce namu ne. Duk yaran da aka rasa suna cikin tudun nan, an san da su ko da ba a san sunansu ba. Tawa ba ta ciki. Ba ta cikin masu rai, ba ta cikin matattu.

Na ce, "Ki ƙara mini ɗaya a can sama."

Ta ɗauka wasa nake yi, sai ta dubi fuskata. Na gaya mata cewa ubanta yana da yaya da bai taɓa jin labarinta ba. Can ta ce mini, a hankali, ƙirgan wancan zamani an rufe shi tuntuni, ba mai iya buɗewa, kuma tambayar haihuwa yanzu ta matan da ke kan haihuwa ce, ba ta tsofaffi ba. Ban ji haushi ba, gaskiyar aikinta ta faɗa.

Ta ajiye wayar a kan tabarma ta matso. Ta ce, "Kaka, yaya sunanta?"

Tun ranar suna da liman ya raɗa shi, bai taɓa fita daga bakina ba. Na buɗe baki ya fito, kamar muryar wata. Jikata ta maimaita shi sarai, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci abinci. Sai ta tambaye ni kamanninta. Na ce tana da 'yar wushirya, tana son ɓawon ƙosai, kuma in maigida ya dawo takan kama gefen rigarsa ta yi ta shinshina warin shanu. Muna nan zaune har aka kira magariba, ban gama ba.

Ranar awo yanzu nakan ɗauki kujerata in zauna a bakin rumfar. 'Yan matan zamani suna rungume da 'ya'yansu na fari, suna kiran sunansu da ƙarfi, suna sumbatar su a gaban kowa. Dā zan ce rashin kunya ne. Yanzu kallon allurar sikelin nake yi, har yau ban san abin da take faɗi ba. In jikata ta ɗago ta gan ni, wani lokaci takan faɗi sunan nan da leɓe, ba murya, sannan ta karɓi jariri na gaba.