Yayana, Kansila Ɗaga-Hannu

Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana a gadon asibiti, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana ɓoye mana. Daga Allah muka zo, kuma gare Shi kowannenmu zai koma. Mutanen garin nan sun san shi da Kansila Ɗaga-Hannu. Mu a gida Yaya muke ce masa, matarsa kuwa idan ya ɓata mata rai sai ta ce "kafintan nan", kamar ba ta san inda ya kwana ba.

Yaya, na sha ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, saboda akwai labarin majalisa da ba na son ba ka. Na gaji, kuma gajiyar ba ta zaman makoki ba ce kaɗai. Amma bari in fara da abin da ya fi sauƙin faɗa.

Kai kafinta ne kafin ka zama komai, kuma kafinta mai nawa. Mutum zai kawo maka aikin gadon jariri, kafin ka gama yaron ya fara rarrafe. Sai dai abin da ka haɗa ba ya ɓallewa. Bencinan makarantar unguwarmu duk sun bi ta hannunka, ba ka taɓa cewa a biya ka ba, kuma shugaban makarantar bai taɓa yin kuskuren tambaya ba. Shekarar da mijina ya rasu, duk mako sai ka zo gidana da guduma da zarto, ka ce ƙofar kicin tana ƙara. Ƙofar nan lafiyarta lau. Ka kwance ta, ka mayar, ka leƙa buhun abinci a fakaice, ka tambayi yara karatu, ka tafi. Ba ka iya cewa "yaya kike" ba, shi ya sa ƙofata ta sha wahala.

Abin da ya fitar da kai daga shago ruwa ne. Kamfanin lemo da ruwan roba ya zo ya kafa masana'anta a bakin gari, ya haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfin da ba mu taɓa ji ba. Da farko murna muka yi, don samari sun sami aiki. Daga baya igiyar guga ta fara gajarta. Aka ƙara mata tsawo, aka sake ƙarawa, har ranar da gugan gidanmu ya dawo da laka. Muka koma sayen ruwa a jarka, ruwan da aka zuƙe daga ƙarƙashin ɗakunanmu. Mutanen unguwa suka matsa maka ka tsaya takara, ka ce ba ka iya magana ba, suka ce masu iya maganar ai sun gan su.

A zaɓen nan ne ka gano abin da ya hana ka walwala har ka koma ga Allah. Ka je wurin mai buga fastoci, ka tarar da hotunan jam'iyyu biyu masu gaba da juna an jera su a bango guda suna bushewa, kuma duk kamfani ne ya ɗauki nauyi. Motocin da suka kwashi magoya bayan wannan da safe, su suka kwashi na wancan da yamma. Ka dawo ka ce mini mu muna ta rigima a kan wa zai ci, alhali akwai wanda ya riga ya ci tun kafin a buɗe akwati. Duk da haka ka tsaya, da fastocin da ka rubuta da fenti a kan falanki, kuma ka yi nasara. Har yau ban san yadda aka yi ba.

Zauren majalisar da ka shiga, kamfani ne ya yi masa fenti, ya sa fankoki, ya shimfiɗa tayil. A gaban kowane kansila akwai robar ruwansu. Kai kuma ka riƙa zuwa da tsohuwar gorarka a jaka, ana yi maka dariya. Na ce maka wannan ai ƙuruciya ce, ruwa ruwa ne. Ka ce in baki ya ci, ido ke jin kunya, kuma kai kana da buƙatar idonka.

Yadda ake yanke magana a zauren shi ne shugaba ya ce masu goyon baya su ce eh, a yi wani gunaguni, ya buga tebur, shi ke nan an wuce wurin. Ba wanda zai san wa ya amsa, wa ya yi tari. Kai ne ka tono cewa dokar majalisa ta ba kowane kansila damar neman a ɗaga hannu. Daga ranar ba ka bar magana ɗaya ta wuce ba, ko ta sayen tsintsiya ce, sai ka miƙe ka ce a ɗaga hannu, don mutanen da ke zaune a bencin baya su ga wanda suka zaɓa. Nan sunan ya samo asali. Da zolaya aka laƙaba maka shi, kai kuma ka karɓa hannu biyu.

Sun gwada ka ta inda suka san zai yi maka zafi. Wakilin kamfani, mutum mai fara'a da ladabi, ya zo har shago ya ce suna son teburan makarantu na gari duka, kuma ba su ga hannun da ya kai naka ba. Aikin da kowane kafinta yake mafarki ke nan. Ka ba shi wurin zama, ka yi masa godiya, ka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matarka ta yi mako ba ta yi maka magana ba, kuma ban ga laifinta ba, don a lokacin rufin ɗakinta yana yoyo. Gaskiyarka ba kai kaɗai ka biya kuɗinta ba, Yaya, ita ma ta biya.

Bana izinin haƙar ruwan kamfanin ya ƙare, suna neman a sabunta musu na shekara goma. Ka bi kansiloli gida gida, da ƙirjin nan naka, har ɓangarenku ya fi nasu da mutum ɗaya. Cikin naku akwai amininka mai kantin magani, wanda kuka taso tare tun kuna cin ƙasa. Da shugaba ya ga haka sai zama ya ƙi yiwuwa. Yau a ce ana gyaran silin, gobe a ce sakatare ya yi tafiya. Kai kuma jiki yana ta ja baya. A asibiti ka riƙe hannuna ka ce kada in damu, ko ba ka nan kunnen doki za a yi, kuma a dokar majalisa idan aka yi kunnen doki magana ta faɗi. Da wannan lissafin ka kwantar da hankalinka.

Kwana biyu da binne ka, muna zaune ana karɓar gaisuwa, sai ga labari wai silin ya gyaru. Na yafa mayafi na tafi, na zauna a bencin baya. Suka yi maka addu'a, shugaba ya yabe ka yabon da bai taɓa yi maka ba kana da rai. Sannan ya karanta batun izini da sauri, ya ce masu goyon baya su ce eh. Har ya ɗaga hannu zai bugi tebur, sai wata malamar asibiti, kansilar da ba ta cika magana ba, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga hannu."

Dole shugaba ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Waɗanda muka sani suka ɗaga nasu, ban ko kalle su ba. Sai na ga wani hannu yana tasowa a hankali daga ɓangarenku, bai wuce kunne ba ya tsaya. Hannun mai kantin magani ne, wanda shekaranjiya ya shiga kabari ya karɓe ka. Kansa a sunkuye, amma an ƙirga shi.

Ba zan zage shi ba. 'Ya'yansa biyu a masana'antar suke aiki, kuma ban san abin da aka faɗa masa ba. Da la'asar ya zo gida ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Ya haƙuri?" Na ce haƙuri sai ma'aiki, Allah Ya ba da lada. Ni da shi ba wanda ya iya kallon wani. Ga labarin da nake ta kewaye-kewaye a kansa, Yaya: an sabunta musu. Abin da ka bar mana kawai shi ne ba a yi a ɓoye ba, mun gani da idonmu.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya haɗa ka da iyayenmu a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da ta yi haƙuri da kafiyarka, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan sana'arka, da mutanen unguwarmu da za su ci gaba da tura jarkoki. Kai da ka yi shekaru kana nema mana ruwa ba ka samu ba, Allah Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Amin.